Jarabar Taba Sigari: Ina Hannun Gado A Ciki?

 

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata baiwar Allah da ta zo mana awo da ciki na biyu. Ɗanta na fari ya zo ɗan mitsitsi, sai da ya yi kwanaki a ɗakin jarirai kafin a sallame su. Da ta kwanta zan duba cikin sai na ji warin sigari a hijabinta. Na tambaye ta a hankali, ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, ba ni ba ce, maigidan ne. Ɗakinmu ɗaya." Na roƙe ta ta zo da shi a awo na gaba, ban sa ran zai zo ba, sai ga shi ya zo. Direban babbar mota ne, mutum mai kunya. Ban gama bayani ba ya tare ni ya ce:

"Sista, wallahi ba ƙin bari nake yi ba. Sau huɗu ina dainawa. Ni da yayana rana ɗaya muka fara sha a bayan makaranta. Shi ranar da aka ɗaura masa aure ya jefar da kwalin, ko ciwon kai bai yi ba. Ni kuwa in na kwana biyu ban sha ba, sai in ji kamar in daki duk wanda ya yi mini magana. Mahaifinmu har ya rasu yana sha. Jininsa na ɗauko, barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Mai karatu, ƙila kai ma ka taɓa faɗin irin wannan magana, ko ka ji ta a bakin wani naka. Malamin nan yana da gaskiya a wani ɓangare, fiye ma da yadda mu ma'aikatan lafiya muka saba amincewa. Sai dai hukuncin da ya yanke wa kansa, cewa tunda gado ne shi ke nan, nan ne ya kuskure.

Yadda nikotin ke kama mutum

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Amma wanda ke ɗaure mutum ya kasa bari guda ɗaya ne, sunansa nikotin. Idan ka zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin ya bi huhu ya shiga jini ya isa ƙwaƙwalwa. A can akwai wasu 'yan gurabe da yake shiga ya zauna daidai, kamar makulli a cikin kwado. Da ya zauna sai ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda shi ne ke sa mutum ya ji daɗi da natsuwa. Kara ɗaya ana zuƙarsa kamar sau goma. Ke nan mai shan kara goma a yini yana koya wa ƙwaƙwalwarsa wannan darasi sau ɗari kullum. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙwaƙwalwar ta ƙara yawan waɗannan gurabe, ta koma ba ta samun sukuni sai an cika mata su. Saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali a kan aiki, yawan jin yunwa, duk kukan waɗannan gurabe ne da aka bari wayam.

Wannan haka yake ga kowa. Abin tambaya shi ne, me ya sa kamun ya fi tsanani ga wani a kan wani?

Abin da tagwaye suka nuna

Mu da muke ɗakin haihuwa mun san tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu, su ne masu kama kamar an tsaga kara, kuma ƙwayoyin halittar da suka gada iri ɗaya ne sak. Akwai kuma waɗanda ƙwai biyu ne daban, su kamar wa da ƙane suke, ciki kawai suka haɗa, kusan rabin gadonsu ne ya zo ɗaya. Dukansu gida ɗaya suka tashi, tuwo ɗaya suka ci. Saboda haka idan aka ga wata ɗabi'a ta fi haɗa masu kama sak fiye da ɗaya rukunin, to akwai hannun gado a ciki.

Tun a 1958 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Ronald Fisha ya lura cewa tagwaye masu kama sak sun fi dacewa da juna a shan taba. Sai dai ya yi amfani da wannan ne wajen kare taba, yana cewa ƙila gado ne ke sa mutum sha kuma gadon ne ke kawo ciwon dajin huhu, ba hayaƙin ba. Shi kansa mai shan lofe ne, kuma yana ba kamfanonin taba shawara. Bincike ya ƙaryata shi a kan batun ciwon daji, hayaƙin ne ke kawo shi. Na kawo labarinsa ne don ka ga cewa fakewa da gado tsohuwar dabara ce. Amma abin da ya gani game da tagwaye ya tabbata. Binciken da aka yi daga baya a kan dubban tagwaye a Amurka da Ostireliya da Suwidin da Finlan ya nuna cewa kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen tsananin kamuwa da nikotin daga gado yake. A lura, ba ana nufin rabin 'ya'yan mashayi za su sha ba ne. Ana nufin idan ka tara mashaya, ka ga wani ya kamu ƙwarai wani kuwa sama-sama, kusan rabin dalilin wannan bambanci yana cikin halittarsu, ɗaya rabin kuma yana ga gida da abokai da sana'a da halin rayuwa.

Ba irin na sikila ba ne

Da an ce gado, hankalin mutanenmu yana tafiya ga sikila, saboda gwajin jinin da ake yi kafin aure. A sikila ƙwayar gado guda ɗaya ce ke yanke hukunci: in yaro ya ɗauko S daga uwa ya ɗauko S daga uba, to ya zama SS, babu makawa. Lamarin taba ba haka yake ba. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, jere a kan wasu sarƙoƙi 46 da masana ke kira kuromosom, 23 daga uwa 23 daga uba. Wani babban bincike da aka fitar a 2022, wanda ya haɗa bayanan mutum miliyan 3.4, ya gano wurare sama da dubu uku a jikin waɗannan sarƙoƙi da ke da alaƙa da shan taba da shan giya. Kowanne tasirinsa ɗan kaɗan ne, sai sun taru suke yin nauyi. Shi ya sa wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa zai iya ɗauko nasa haɗin daban, kamar yadda wani ke ɗauko tsawon uba wani ya ɗauko hasken uwa. Abin da ya faru ke nan tsakanin direban nan da yayansa.

Ga kuma hujjar da ke gabanmu a nan gida. Ƙididdigar manya masu amfani da taba da aka yi a Nijeriya a 2012 ta nuna maza kashi 7.3 cikin 100 ne ke shan taba, mata kuwa kashi 0.4. Matan nan 'ya'yan iyaye ɗaya ne da mazan, gadon da ke jikin ɗa yana jikin 'ya. Abin da ya raba su shi ne al'ada da kunya da rashin zama a majalisa. Gadon yana nan kwance a jikin mata da yawa, bai taɓa samun karan farko da zai tashe shi ba.

Birkin da ke cikin ƙwaƙwalwa

Daga cikin waɗannan dubban wurare, biyu ne aka fi sani. Na farko a 2008 ya fito fili, lokacin da ƙungiyoyin masu bincike uku, a Aislan da Faransa da Amurka, kowace ta gano wuri guda a kan kuromosom na 15 da ke da alaƙa da yawan karan da mutum ke sha da kuma ciwon dajin huhu. A wurin akwai ƙwayar gado mai suna CHRNA5, wadda ke cikin masu ƙera waɗancan gurabe da nikotin ke zama.

Aikinta abin mamaki ne. Duk wanda ya taɓa sha zai tuna karan farko: jiri, tashin zuciya, tari. Wannan birki ne Allah ya sa a ƙwaƙwalwa, mai cewa ya isa haka. A 2011 masu bincike a Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwayar gado suna ci gaba da ɗibar nikotin mai yawa, wanda sauran ɓeraye ke gudu. A jikin wasu mutane birkin nan yana da sanyi tun daga haihuwa. Duk wanda ya ɗauko irin mai sanyin daga ɗaya cikin iyayensa yakan ƙara kimanin kara ɗaya a yini, wanda ya ɗauko daga duka biyun kuwa kimanin kara biyu. Ka ga kamar ba yawa, amma wani nazari na 2015 ya nuna masu biyun sukan makara da shekara huɗu kafin su daina, kuma waɗanda ciwon dajin huhu ya kama a cikinsu yakan zo musu da wuri da shekara huɗu. A 2009 an kuma gano a Birtaniya cewa matan da ke da wannan iri sun fi kasa dainawa idan sun sami juna biyu.

Wannan nau'in ya fi yawa a Turawa, a mutanen Afirka ta Yamma ba kasafai ake samunsa ba. Kada ka yi murna tukuna. Mafi yawan waɗanda aka yi waɗannan bincike a kansu Turawa ne, kuma wuri ɗaya ne cikin dubbai. Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne wanda aka samu game da shekaru: tasirin wannan gado ya fi ƙarfi a kan waɗanda suka fara shan yau da kullum tun suna shekara 16 ko ƙasa da haka. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa ba, abin da aka koya mata a lokacin shi take riƙewa.

Aikin hanta

Na biyun a hanta yake. Hanta ce ke narkar da nikotin ta mai da shi wani abu da ake kira kotinin, daga nan a fitar da shi ta fitsari. Mai yin mafi yawan wannan aiki wani sinadari ne da ƙwayar gado mai suna CYP2A6 ke samarwa. A matsakaici, cikin awa biyu rabin nikotin da ke jini ya tafi. Amma wasu hantarsu mai sauri ce, wasu mai nawa. Mai saurin, kafin a jima jininsa ya yi wayam, sai ya sake kunna wani karan, ya fi zuƙa da ƙarfi, kuma ya fi shan wuya in ya zo dainawa. Mai nawar kuwa kara ɗaya yana daɗe masa, saboda haka yakan sha kaɗan, dainawa kuma takan zo masa da ɗan sauƙi. Hanta mai nawa ta fi yawa a mutanen gabashin Asiya da baƙar fata fiye da Turawa.

A nan sai na ja kunne, domin da yawa daga mashayanmu kara biyu ko uku suke saye a teburin mai shayi, suna ganin ai su ba mashaya ba ne. Wani nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya tak a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mai shan kara 20 ke fuskanta. A Amurka kuma, binciken 2006 ya nuna baƙar fata sun fi Turawa kamuwa da ciwon dajin huhu ko da yawan karan da suke sha ɗaya ne, in dai ba su kai masu sha da yawan gaske ba.

'Yar'uwa, wannan ɓangaren naki ne. Sinadarin mata da ake kira isturojin yana ƙara wa hanta sauri, shi ya sa mata suka fi maza saurin narkar da nikotin, masu shan ƙwayar tazarar haihuwa mai isturojin kuma sun fi sauri. Da juna biyu kuwa saurin yakan ƙaru da kimanin kashi 60 cikin 100. Ke nan macen da ke amfani da taba, ko sigari ko shisha ko garin taba da ake sawa a baki ko a shaƙa, takan ji ƙishirwar abin ta ƙaru daidai lokacin da ya fi wajaba ta bari. Ba lalacewa ba ce, ki faɗa mana a wurin awo, ba mai yi miki gori. Nikotin yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, hayaƙin kuma yana rage iskar da jinin ke ɗauka. Sakamakon shi ne ɓari, ko bakwaini, ko jariri marar nauyi, ko a haife shi ba rai. Hayaƙin da maigida ke busawa a ɗaki ma yana isa ga abin da ke cikinki.

To, me mashayi zai yi da wannan ilimi?

Gwajin waɗannan ƙwayoyin gado bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba, kuma ba ka buƙatarsa. Tambayoyi biyu sun isa su nuna maka matsayinka. Kara nawa kake sha a yini? Kuma in ka farka da safe, minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko? Idan cikin rabin awa ne, kamun ya yi ƙarfi. Idan cikin minti biyar ne, tun kafin alwala, ya yi ƙarfi ƙwarai. Ka haɗa da tarihin gidanku da kuma yadda ka ji a dainawar da ka yi a baya.

Idan ka sami kanka a wannan rukuni, daina dogara da ƙarfin zuciya kaɗai. Cikin mutum 100 da suka yi ƙoƙarin dainawa ba tare da taimako ba, kimanin 3 zuwa 5 ne kawai ke kai shekara ba su koma ba. Wanda ya kasa sau huɗu ba rago ba ne, yana cikin masu rinjaye ne. Ra'ayina shi ne mun daɗe muna yi wa mashaya faɗa a inda ya kamata mu ba su magani. Ba wanda ke ce wa mai hawan jini ya sauke shi da niyya kawai.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan yadda za a taimaki manya su daina taba, inda ta amince da magunguna huɗu tare da shawarwarin ma'aikacin lafiya. Akwai maganin da ke maye gurbin nikotin, wanda ke zuwa a filastar da ake manna wa fata da safe, ko cingam da ake tauna kaɗan a ajiye a kumatu. Haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai. Akwai ƙwayar barenikilin, wadda ke shiga waɗancan gurabe na ƙwaƙwalwa ta rage ƙishirwa, ta kuma hana sigari daɗi. Ana fara ta mako guda kafin ranar dainawa a sha tsawon mako 12, takan sa tashin zuciya da mafarkai. Akwai bufurofiyon, wanda ba a ba mai farfaɗiya. Sai saitisin, wanda daga tsiro ake samunsa. Mai juna biyu ba a ba ta waɗannan ƙwayoyi, ko filastar ma sai likita ya duba. Ba kowane kemis ke da su ba, kuma kada ka saya da ka, ka bari likita ya rubuta.

Ko a nan gado yana da ta cewa. A wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada a kan mashaya 1,246, wanda aka buga a 2015, masu hanta mai sauri sun fi samun nasara da barenikilin fiye da filasta. Masu hanta mai nawa kuwa filastar ta yi musu daidai da ƙwayar, kuma ba ta dame su kamar ƙwayar ba. Saboda haka in ka gwada wani magani bai karɓe ka ba, ka dawo a canja maka wani.

Wahalar dainawa takan yi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, ta riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Kowace ƙishirwa in ta taso minti kaɗan take yi ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Sa rana, ka faɗa wa iyalinka, ka fitar da ashana da kwali daga aljihu da mota. Ka san lokutan da sabo ya ɗaure ka, bayan cin abinci, wurin mai shayi, tuƙin dare, ka tanadi abin da zai maye gurbin, ko asuwaki ko ruwan sanyi ko ɗan tattaki. Komawa shisha ko garin taba ba dainawa ba ce, nikotin ɗin ɗaya ne. Ga masu azumi, watan Ramalana dama ce babba: kana yin awa 13 ko fiye ba ka sha ba, kafin la'asar kusan duk nikotin ya bar jininka. Karan bayan shan ruwa shi ne ke mai da kai baya kullum, shi za ka yaƙa.

Ribar kuma ba ta tambayar irin gadonka. Binciken da aka bi likitocin Birtaniya sama da 34,000 da shi tun daga 1951 har tsawon shekara 50 ya nuna mashayi yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya daina yana ɗan 30 yakan tsira da kusan duka goman, mai 40 da tara, mai 50 da shida, mai 60 da uku.

Sai maganar yara. Idan ka yarda jinin mahaifinka ka ɗauko, to ka yarda ɗanka ma zai iya ɗaukar naka. Dokar taƙaita taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma kowa ya san abin da ke faruwa a bakin titi. Ni abin da ya fi ɓata mini rai shi ne uban da ke aiken ɗansa sayo masa sigari, har ya ce ya kunno masa a murhu. Kada ka aike shi, kada ka sha a gabansa, kuma in ya kai munzali ka gaya masa gaskiya cewa a gidanku abin nan yana kamawa da ƙarfi.

Direban nan mun haɗa shi da likita a sashen marasa lafiya na waje. Abu na farko da na nema a wurinsa shi ne kada ya ƙara sha a ɗaki ko kusa da taga, ya kuma sauya riga ya wanke hannu kafin ya shiga wurin iyali, kuma ya cika wannan. Ya sa ranar dainawa, ya yi mako uku, ya koma a wata tafiya mai nisa, ya dawo yana jin kunya. Na ce masa, "Malam, a da kwana biyu kake yi, yanzu ka yi mako uku." An canja masa magani ya sake sa rana. Lokacin da matar ta zo ɗakin haihuwa yana wata na biyu bai sha ba, yana tsaye a baranda yana tauna asuwaki.

Idan kai ma kana so a duba naka, ka faɗa wa likita ko nas ɗin da za ta auna ka yau, ko da wani ciwon ne daban ya kawo ka. Ka zo da amsar tambayoyin nan biyu, da sunayen magungunan da kake sha.